Cukun Jana'izar Firmin

Torvaz, Janairu 1994

Yaya Célestine,

Sai da na ɗaga fitila sama na ga gurbin da babu komai a ciki, sannan na gane. An ɗauke cukun Firmin. Nawa yana nan a kan maratayi, da harafin sunana da Mama ta zana masa da wuƙa ranar aurenmu. Kusa da shi sai tabon maiƙo a jikin katako, inda nasa ya zauna fiye da shekara arba'in.

Ki yi haƙuri, na fara magana ban gaishe ki ba. Yaya ƙafar taki? Yaya yara da jikoki, da sanyin Kanada? Ni lafiyata ƙalau, sai dai har yanzu dankalin mutum biyu nake dafawa, sai na zo zubawa in tuna.

Kin san yadda aka yi jana'izar ƙaninki a Saint-Imier. Zuciya ta ɗauke shi farat ɗaya a watan Nuwamba, ke ba ki samu zuwa ba, ni kuma hankalina ba ya jikina. Abokan aikinmu na masana'antar agogo suka zo, aka ci burodi da naman kanti a ɗakin taron coci, aka watse. Sai bayan Kirsimeti, ina kwashe kayansa, na ci karo da makullin ɗakin ƙasa na gidanku. Na zauna a bakin gado, kunya ta rufe ni. Ɗan kwarin nan, a binne shi ba a yanka cukunsa ba! Shi da kullum yake cewa wanda aka binne ba a ci cukun da aka ajiye masa ba, bai tafi ba, ɓacewa kawai ya yi. Shi ya sa na hau jirgin ƙasa, na hau motar gidan waya mai ɗaukar fasinja zuwa ƙauyuka, na zo in tara tsofaffin da suka rage mu yi masa sallama yadda ake yi. Ga shi na zo babu abin yankawa.

Yaya, ba za ki gane garinku ba. Rabona da shi tun binne Mama. Inda rumbunan hatsinku suke, yanzu shagon agogo ne. Na daɗe a tsaye ina leƙe, don irin waɗanda na ƙare ƙuruciyata ina goge bayansu ne, ban taɓa ganin inda suke ƙarewa ba sai yau. Mutane cike da titi, kowa da takalmi mai tauri na wasan zamiya a kan ƙanƙara, suna tafiya kamar 'yan maruƙan da aka haifa yanzu. Da rana sai su jeru a kujeru a waje, cikin wannan sanyi, su ɗaga fuska sama su rufe ido. Na ga kare da riga wadda ta fi tawa kauri. Abin da ya fi ɗaure mini kai, a ja mutum har kan dutse, ya zamo ƙasa, ya sake shiga layi a ja shi. Na tambayi wata mata me suke mantawa a can sama da suke ta komawa, ta yi dariya har ta riƙe hannuna.

Ɗanki Raoul ya karɓe ni hannu biyu. Ya ba ni ɗaki a saman shagonsa na hayar katakan zamiya, tare da ma'aikatansa. Ya yi ƙiba, gashin bakinsa sak na kawunsa. Da na faɗa masa abin da ya kawo ni ya ce, "Inna Huguette, cuku kuma? Wa yake ta wannan yanzu?" Ya ce mutanen otal suna sayen duk wani tsohon abu su yi ado da shi, ƙararrawar shanu, gadon jariri, ƙofar ɗakin shanu, har tsohon cuku. Sun ma taya ɗakin ƙasan naku. Da na dawo na ce masa na Firmin ba ya nan, sai ya yi shiru, ya ce baƙi suna jiransa a shago. Ban san abin da zan yi zato ba. Ba a fasa kwaɗo ba, da makulli aka buɗe.

Ke kin san wani abu a kai? Ki rubuto mini.

Ƙanwarki,
Huguette


Torvaz, ƙarshen Janairu

Yaya Célestine,

Ina gaishe ki, ina fata ƙafa ta yi sauƙi. Ni mura ce ta ɗan taɓa ni, ta sake ni. Na san amsarki ba ta isa isowa ba, amma ba ni da wanda zan ba wannan labari sai ke.

Na zama mai yawon otal. Kowace safiya in sa rigar da na je jana'iza da ita, in shiga ɗaya, in yi kamar ina jiran wani, ina duba bango. Yaya, na ga abubuwa. Na ga karkiyar alfadari an rataya mata fitilu. Na ga akushin da ake kwaɓa wa aladu abinci an cika shi da furanni. A wani wurin akwai tafki na ruwan zafi a waje, tururi yana tashi, mutane a ciki kusan tsirara, ƙanƙara tana sauka a kansu suna shan shayi. Na so in sa hannu in ji zafin, kunya ta hana ni.

A babban otal ɗin da ke sama da coci na gan shi. Cuku baƙi-baƙi, mai faɗin faranti, a cikin akwatin gilashi, an haska masa fitila kamar kayan waliyyi. Na matsa kusa. Na zagaya ta baya in ga harafin, ba ya ganuwa. Na je wurin yarinyar da ke karɓar baƙi, wata doguwa mai murmushi, na ce ina so a buɗe mini.

Ta ce, "Madam tana da ɗaki a nan?"

Na ce, "Ba ni da ɗaki. Miji nake da shi, ya rasu, ina zaton wancan nasa ne."

Ta dube ni, ta dubi akwatin. Ina jin ta ɗauka tokar gawarsa nake nufi, don murmushin ya gudu. Na yi mata bayani. 'Yar Holand ce, ba ta taɓa jin ana ajiye wa mutum cukun mutuwarsa ba. Ta ce, "Tun ranar aure? Ana rawa ana tunanin kabari?" Na ce ai shi ya sa ake rawar da kyau. Ta leƙa hagu da dama, ta ɗauko makulli ta buɗe. Na sa hanci, ban ji komai ba. Na ƙwanƙwasa da yatsa. Itace ne, Yaya. Itace aka sassaƙa aka shafa masa fenti.

Muka yi ta dariya ni da ita har wani mutum mai jan wando ya juyo yana kallonmu. Rabona da dariya tun Nuwamba. Ina fita waje kuma sai kuka ya zo, ban san daga ina ba.

Tsofaffin da na sani duk suna bayan coci, na bi na karanta sunayensu. Waɗanda suka rage an ce wasu suna gidan tsofaffi a ƙasan kwari. Ba zan iya ci gaba da zama a gadon ma'aikacin Raoul ba, an matse yaran mutane saboda ni. Zan koma gida. Ki aiko amsa can.

Huguette


Sherbrooke, Fabrairu

Huguette,

Na samu takardarki ta farko. Ƙafa tana nan yadda take, yara lafiya. Na daɗe ban amsa ba don kada in rubuta abin da zan yi nadama.

Na karanta, na sake karantawa. Kin ce otal suna sayen tsohon cuku, kin ce ɗana ya yi shiru, kin ce da makulli aka buɗe, sannan kika ce ba ki san abin da za ki yi zato ba. Ni na san abin da kika yi zato. Ki faɗe shi a fili mana, ki ce Raoul ya sayar da cukun kawunsa. Yaron da ya ba ki gado a lokacin da kowane gado a garin nan yake da mai shi! Yana da son ciniki, ban musa ba, ubansa ya gado. Amma ba ɓarawon matattu na haifa ba.

Kuma don ki sani, Raoul ba shi da makullin. Uku ne. Nawa yana nan a gwangwanin allurata. Na Firmin yana hannunki. Na ukun Mama ta ba Théodule, abokin Firmin tun suna kiwon awaki, don shi yake juya cukun yana goge su tun da muka watse. Ina kike zato, da kansu suke juyawa duk shekarun nan? In yana raye, yana can sama a garkensa, wurin da muke kai shanu da bazara. Ba ya saukowa sai dole. Ki je ki tuhume shi, shi ya iya amsa.

Ni ma ƙanina ne, Huguette. Ni na goya shi. Kina can kusa da kabarinsa, ni ko ƙasar ban gani ba.

Célestine


Saint-Imier, Maris

Yaya Célestine,

Ina gaishe ki da girmamawa. Ina fata takardata ta biyu ta same ki, kin ga cukun otal itace ne. Lafiyata lau. Wallahi ban zargi Raoul ba. Ni ban iya jera magana a takarda ba, abin da na gani nake zubawa yadda ya zo. Na tambaye shi da kaina, ya ce shirun kunya ne, don bai taɓa sa ƙafa a ɗakin ƙasan ba, bai ma san akwai cuku a ciki ba. Amma fushinki ya yi amfani. Na koma Torvaz, na samu Théodule.

Babu hanyar zuwa garkensa da hunturu sai ta akwatin nan da ke tafiya a kan waya. Na shiga layi da jakata da laima, a tsakiyar masu katakai. Mai tsaron ƙofa ya ce, "Madam, ina katakanki?" Na ce ƙafafuna kawai na zo da su. Da akwatin ya bar ƙasa na rufe ido, na riƙe hannun wani baƙo ban san shi ba. Bai ƙwace ba, Allah ya saka masa. Can na buɗe ido. Rufin coci ya koma kamar akwatin ashana, itatuwa suna wucewa a ƙarƙashin takalmina, na ga sawun wata dabba a kan ƙanƙara ya tafi ya tafi har ya shige daji. Firmin ya sha ba ni labarin wannan hanya, yadda suke hawa da ƙafa tun asuba da kaya a baya. Ni na hau ta a zaune kafin in gama tsoro.

Na sauka a tashar tsakiya, na bi gefen ragar kariya mai launin ruwan lemo. Yara ƙanana suna wuce ni fuu, kamar tsuntsaye. Garken yana nan a bakin hanyar zamiyar, gini ne na baƙin katako, tarin taki yana tururi a gabansa. Wani tsoho yana kwasa da cokalin taki. Bai ko ɗago ba ya ce, "To, 'yar agogo, an iso? Ku masu gyara wa duniya lokaci, ku ne ba ku zuwa da wuri."

Na ce, "Kai ne ka sace cukun mijina?"

Ya ce, "Sata? Ni riƙewa na yi. Shi mijin naki ya ja zarto."

Yaya, sai na nemi wurin zama. Ya shigar da ni ɗakinsa da ke jikin garken, ya ɗora ruwan kofi, shanu suna numfashi a bayan bango. Ga abin da ya faɗa mini.

A watan Satumba, ranar da shanun gari suke saukowa daga kiwon bazara, Firmin ya zo. Likita ya riga ya gaya masa zuciyar ba za ta kai shi bazara ba. Ya ce wa Théodule, "Na ƙirga waɗanda za su zo cin cukuna, ba su cika tebur ba, kuma kowace shekara raguwa kuke. In na jira na mutu, da wa za a ci, da masu zamiya?" Suka ɗauko sauran abokansu biyu daga gidan tsofaffi a motar madara. Suka shiga ɗakin ƙasa su huɗu, suka sauke cukun. Wuƙa ta lanƙwashe. Sai da aka kawo zarton itace. Suka tsiyayo giya daga tsohuwar gangar Baba, suka jiƙa, suka fara tauna da sauran haƙoran da suke da su.

Na ce, "Yaya ɗanɗanonsa?" Ban san me ya sa wannan na fara tambaya ba.

Ya ce, "Kamar ƙahon saniya da gishiri. Mijinki ya tauna ya tauna, ya ce, 'Yanzu wannan aka sa ni jira duk rayuwata? Gara da na zo da kaina, da an ba matata kunya.'"

Kin san yadda kowa yake ƙwanƙwasa kofinsa a jikin akwatin gawa ya ce sai mun zo. Suka ce to, babu akwati, yaya za a yi? Sai Firmin ya cire hula ya sunkuyar da sanƙonsa, ya ce, "Ga murfin nan, a yi a hankali, sabo ne." Suka bi ɗaya bayan ɗaya suna ƙwanƙwasawa. Théodule ya ce na ƙarshen bai iya faɗin kalmar ba, Firmin ne ya faɗa masa.

Na tuna wannan tafiyar. Ya ce mini zai je kallon shanu, ni ina fama da baya ban bi shi ba. Washegari ya dawo hancinsa ya ƙone da rana, wandonsa duk ƙura, yana warin giya. Na yi masa faɗa a kan wandon. Ya tsaya yana kallona yana murmushi har na gama, na ce me kake kallo, ya ce babu komai.

Na ce wa Théodule, "Ni fa? Ni kare ce da za a yi ba ni?"

Ya daina wasa. Ya juya kofinsa a kan tebur ya ce, "Na tambaye shi. Ya ce in kina zaune a wurin, ba zai iya haɗiyewa ba."

Na ce to me ya hana a aiko mini bayan ya rasu? Ya ce, "Ya hana. Ya ce kada in kira ki, za ki zo da ƙafarki ranar da kika shirya, don ba ki taɓa ganin ƙofa a rufe kin wuce ba ki leƙa ba. Ƙarya ya yi?"

Sannan ya tashi ya shiga ciki, ya fito da ƙullin tsumma. Yanki biyu ne, kowanne kamar tafin hannu, da sawun zarto a jiki. Firmin ne ya yanke su kafin kowa ya taɓa. Ɗaya nawa, ɗaya naki.

Na shinshina. Warin ɗakin ƙasan Mama ne. Théodule ya miƙo wuƙa da giya, na ce a'a. Raina a ɓace yake, Yaya. Wata biyu Firmin yana kwana kusa da ni da wannan magana a cikinsa, ni ina ta surutun wando da kuɗin wuta. Na ce wa Théodule ya mayar ya rataye. Na koma tashar, na sauko ni kaɗai a cikin akwati, don kowa a kan katakansa yake sauka. Na yi wa Firmin faɗa da ƙarfi tun daga sama har ƙasa, babu mai ji.

Ki gaya mini yadda za a yi da naki.

Ƙanwarki,
Huguette


Sherbrooke, Afrilu

Ƙanwata,

Ina gaishe ki. Ki yafe mini bakina, kin san shi. Takardarki ta biyu ta iso bayan na jefa tawa a akwatin gidan waya, na ji kamar in bi jirgin in ƙwato ta.

Ja'irin yaro, Firmin! Tun yana ƙarami haka yake, ba a ajiye abu a ce masa sai gobe. Na karanta wurin sanƙon na yi dariya, jikata ta shigo ta tarar ina share ido, ta rasa wanne nake yi. Na ji daɗi da ya samu tebur, ko da na mutum huɗu ne. Amma ina bayanki a fushin. Da yana kusa da na ja kunnensa.

Likita ya ce babu ni babu jirgin sama sai an yi wa ƙafar aiki, kuma bai sa rana ba. Kada ki jira tsohuwa. Ki hau can ki ci naki, ki ci nawa, ki faɗa masa sai mun zo a madadina.

Yayarki,
Célestine


Saint-Imier, Mayu

Yaya Célestine,

Ina gaishe ki da ƙafa. Babu abin yafewa a tsakaninmu. Ni lafiya, na fara dafa dankalin mutum ɗaya, wani lokacin.

Na sake zuwa Torvaz makon jiya. Baƙi sun tafi, otal sun rufe tagoginsu, an kwashe agoguna daga shago. Akwatunan waya suna rataye a sama babu motsi. Ƙanƙara ta narke, gari ya koma laka da ƙarar ruwa, sai na ji kamar na fara ganin wurin da kuke ba da labari. Théodule ya sauko sayen gishirin shanu, ya koya mini yadda ake juya cukuna na ɗakin ƙasa a goge shi. Ya ce hannuna ya fi bakina laushi.

Ya tambaye ni ko in bi shi sama yau mu gama. Na tsaya a bakin hanya ina kallon dutsen, na ce ba yau ba.

Ba zan ci naki ba, Yaya. Shi ya yanka miki da hannunsa, ba ni da ikon haɗiye miki sallamarki. Nawa kuma na gwada a raina, na ga kaina ina ɗaga kofi, kalmar ta ƙi fitowa. Har yanzu faɗa nake yi masa, kuma wanda ake yi wa faɗa bai tafi ba. Ki matsa wa likitan nan. In kin zo zan riƙe hannunki a cikin akwatin, na riga na iya.

Abokansa sun sallame shi. Yanki biyu suna rataye a garken Théodule. Ni da ke ba mu ci namu ba tukuna.

Ƙanwarki,
Huguette